Wanda Ya Bi Hotunan Auta Har Gida

Rana ta yi ja, mai ɗinki tana tsakar gida tana ninke wata doguwar riga, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai. Ba kowa a kan katanga, ba motsi a lungu. Na biyu ya faɗo dab da ƙafarta. Da ta taɓa shi, sai ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Su biyu ne a gidan tun rasuwar mijinta, ita da 'yarta budurwa da kowa ke kira Auta. Ɗinki ke ciyar da su, kuma ta waya masu saye ke zuwa. Ta lura duk hoton da fuskar Auta ta fito ya fi yawo, don haka yarinyar ce ke sa kayan a ɗauke ta: a bakin ƙofa, a ɗakinta, wani lokacin ma da kayan makaranta rataye a bayanta.

Jifa ya zama na kullum da almuru. Auta ta daina cin abinci, ta daina dariya. Sai ta zauna gefen gado riƙe da waya, babban yatsanta yana ja yana ja, idonta ko ƙiftawa ba ya yi. An kai ta asibiti, an yi gwaji, ba a ga komai ba.

Kawun yarinyar, ƙanen mai ɗinki, gyaran waya yake yi. Ya karɓi wayar Auta ya duba. Hotunan kaburbura ne, da likkafani, da masu shure-shuren mutuwa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ke turo mata wannan?" in ji uwar.

"Yaya, ba mutum ba ne. Manhajar da ke wayar ce ke lura da inda yatsa ya tsaya. Tun rasuwar babanta take tsayawa a kan irin waɗannan, shi ya sa ake ƙara mata. Ba ruwansu ko kuka take yi, su dai ta daɗe tana kallo."

Ya goge duk abin da ta taɓa kallo, ya kashe wayar ya sa a aljihu. Da yammar nan Auta ta tsaya a bakin ɗakinta, ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Mayar min da wayar, tagata ce."

Mai ɗinki ta durƙushe a wurin.

Washegari bayan la'asar kawu ya zo da wani malami, dattijo mai ƙarancin magana. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu a hankali. Can sai wuyan Auta ya sandare.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ya ba ka izinin shiga gidan nan?"

"Tambayi uwarta. Ni a kangon bayan gari nake, ban san da su ba. A wayar da ke hannun wani mai wucewa na fara ganin fuskarta. Aka nuna min ƙofa, aka nuna min gado, aka faɗa min lokacin da take dawowa makaranta. Da na iso na tarar da ita tana kallon kabari ita kaɗai. Ban fasa komai ba. A buɗe na samu."

Mai ɗinki ta rarrafo ta kama ƙafar 'yarta. "Abincinmu nake nema. Don Allah ka shiga jikina ka bar ta."

"Hajiya, yi shiru," in ji malam. "Ba a yi masa tayi."

"A bar min hoto ɗaya kawai, in tafi," in ji muryar.

"Ko ɗaya."

Malam ya ci gaba da karatu. Kawu ya miƙa wa yayarsa wayarta. Tana kuka, ta shiga goge hotunan, har ta rufe shafin da ke ciyar da su gaba ɗaya.

Auta ta saki wani dogon nishi. "Na tafi," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa. "Amma ba ni kaɗai na kalla ba." Babban yatsan Auta ya yi karkarwa, ya saki. Ta faɗa jikin uwarta, sharkaf da gumi.

Jifa ya tsaya. Auta ta soma cin abinci kaɗan-kaɗan. Mai ɗinki ta koma yawo da kaya gida-gida, ciniki ya ja baya sosai. Kawu ya ce wasu shafuka sun kwafi hotunan tuntuni. Ya roƙa a cire, ba wanda ya amsa.

Ranar da Auta ta fara fita, suka je kasuwa sayen zare. Wani mutum da ba su taɓa gani ba ya tsaya gabansu yana murmushi.

"A'a, Auta ce? Har yanzu gadonki na jikin taga?"

Mai ɗinki ta damƙe hannun 'yarta, suka juya, ba su sayi zaren ba.