Karusar da Zubairu Ya Yi Wa Faci

Rana ta sunkuya can bayan teku, ƙararrawar majami'un unguwar Pelourinho ta gama kaɗawa, Kande na durƙushe a tsakar gida tana wanke waken ƙosan gobe. Maigidanta Zubairu maƙeri yana kwance rigingine a ƙarƙashin tsohuwar karusar da ta cinye musu rabin tsakar gida, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. 'Yarsu Lantana, mai shekara goma, tana bakin ƙofar ɗaki tana tsefe kitso.

"Maigida, magariba ta kawo jiki," in ji Kande. "Ka bar bugun nan sai da safe."

"Ƙusa ɗaya ta rage," ya amsa daga can ƙasa.

Ya buga ta. Ƙarar gudumar ba ta gama mutuwa ba wani dutse ya faɗo tsakiyar ƙwaryar wake, ruwa ya fantsamar wa Kande a fuska. Ta ɗaga kai ta duba katanga, ba kowa. Ta sa hannu ta tsamo dutsen, sai ta ji shi da ɗumi, ga wani yauƙi baƙi manne a jikinsa. Warin da ya daki hancinta kuwa, sai da ta zubar da waken nan kaf a rariya.

Duk wanda ke hawa da sauka a gangaren titin da ake kira Ladeira da Praça ya san Kande mai ƙosai, ya kuma san tsantsaninta. Mace ce da in ƙuda ya gifta kan tirenta sai ta sake wanke shi. Ita da Zubairu duk tun suna ƙanana aka tsallako teku da su daga ƙasar Hausa zuwa wannan birni na Turawa a cikin jirgin bayi, inda mutum ke kwana cikin najasar ɗan'uwansa. Tun ranar da ta fanshi kanta ta yi rantsuwa hannunta ba zai sake taɓa ƙazanta ba, ta kuma riƙe rantsuwar gam.

To irin wannan mace ce mijinta ya jawo wa karusa har cikin gida. Magadan wani Bature ne suka ba shi kyauta, sharaɗinsu kawai ya kwashe ta daga bayan gidansu inda ta shekara da shekaru tana shan ruwan sama. Karusa ce ta zamanin da, mai ƙofofi biyu da fitilun tagulla, sai dai tsatsa ta ci gindinta kamar gara ta samu tabarma. Kande ta toshe hanci ta ce masa araha ba ta ado, balle kyauta. Shi kuwa ya riga ya hango kansa yana ba da ita haya a bikin Turawa, Lantana kuma ba za ta taɓa ɗaukar talla a ka ba.

Ya kankare jikinta da magagari, ya sake maratayin ƙofofi, ya shafe ta da kwalta. Wuri ɗaya ya gagare shi, wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin mazauni, wanda tsatsa ta huda ta ko'ina. Zubairu ya sani sarai, kamar yadda kowane maƙeri ya sani, ba a rufe tsatsa, yanke ta ake yi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Amma duk sanda ya kai magagari wurin, sai wani wari ya taso ya kore shi. Shi ne ya daki sabon fallen ƙarfe, ya lulluɓe akwatin ta kowane gefe, ya bi da ƙusoshi. Ta ƙarshensu ita ce wadda ya buga a magaribar nan, ba bisimilla, ba sallama ga masu wuri.

Daga ranar, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai duwatsu su fara sauka kan rufin, ɗai-ɗai, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. In sun lafa, sai a ji wani siririn kuka daga cikin karusar, irin na jaririn da ya gaji da kuka. Zubairu ya ce kyanwa ce. Kande ta dube shi kawai, don shi ma ya san ba a haifi kyanwar da ke shessheƙa ba.

Sai abin ya koma kan Lantana. Wata yamma Kande ta fito da buta ta tarar da yarinyar durƙushe a gindin karusa, tana lasar bakin facin. Leɓunanta sun yi jajur da tsatsa, harshenta ya tsage, yawu mai launin ƙasa na bin haɓarta. Ta daina cin tuwo, sai ɓawon tsatsar da ubanta ya kankare take tsinta tana taunawa ƙurus-ƙurus. Warin akwatin nan ya koma jikinta. Kande ta yi mata wanka da sabulu, ta yi da toka, ta yi da lemun tsami, a banza.

Abin da ya fi ci wa Kande rai ba ta iya faɗa wa kowa ba. Ƙyamar 'yarta take ji. In yarinyar ta matso, sai jikinta ya ja da baya tun kafin ta yi tunani. Takan tura mata ƙwaryar ruwa da ƙafa, sannan ta koma bayan ɗaki ta yi amai, ta yi kuka, tana tsine wa kanta. Lantana kuwa kullum sai ƙara zubewa take, har ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Zubairu ne da kansa ya je ya ɗauko Malam Sulaimanu. Tsoho ne da ya ga yadda aka murƙushe tawayen bayi Musulmi a garin nan da idonsa, tun lokacin kuma ba ya yawo da allo ko carbi a fili, karatunsa yana cikin kansa. Ya iso bayan la'asar, ya zagaya karusar sau ɗaya, ya tofar da yawu gefe. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Lantana, ya dafa kanta ya fara karatu ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji.

An daɗe ba abin da ya motsa. Sai da hasken ya fara ja sannan wuyan yarinyar ya sandare, idanunta suka juye, wata murya ta babbar mace ta fito daga bakinta, a dishe.

"Tsoho, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Ɗana yana cikin akwatin can."

"Ƙarya kike. Jinsinku ba ya zama cikin ƙarfe."

Muryar ta yi wata dariya da ba daɗin ji. "Ƙarfe muke gudu. Tsatsa ba ƙarfe ba ce, ƙasa ce. Mun samu wuri ruɓaɓɓe mai ɗumi, na haihu a ciki. Na fita neman ƙashi da magariba, na dawo na tarar ya kewaye ɗana da sabon ƙarfe. Ba ni da hanyar shiga, shi ba shi da ta fita."

Malam ya juya ya dubi Zubairu. "Me ya ruɓe a cikin akwatin?"

Zubairu ya sunkuyar da kai.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Zubairu."

"Allah gafarta Malam," ya ce da ƙyar, "shekarar annobar amai da gudawa, da ita aka riƙa kwasar gawa. Ana jibga su har rufi. Abin da ya tsiyaye daga jikinsu, nan ƙasa ya taru. Magadan sun gaya mini."

Kande ta ji tsakar gidan ta juya da ita. Watanni ke nan tana shanya wakenta a inuwar abin nan, tana soya ƙosai tana sayar wa bayin Allah. Ta dubi mijinta, ƙyamarsa ta kama ta fiye da ta karusar.

"Za a buɗe," in ji Malam ga muryar. "Ki sake ta."

"Ɗana ya kwana da yunwa. Zan riƙe tasu a madadinsa."

Malam bai yi musu ba, sai ya ɗaga karatun. Jikin Lantana ya lanƙwashe, muryar ta yi gurnani har ta koma magiya.

"Na ji, na ji. Amma ya galabaita, ba zai iya fitowa da kansa ba. Sai an sa hannu an ɗauko shi. Ba hannun maƙeri ba, ƙarfe ya ratsa fatarsa. Ba naka ba, naka wuta ne." Juyayyun idanun nan suka sauka a kan Kande. "Ke kin taɓa haihuwa. Hannu tsirara, ba tsumma."

Zubairu ya ɗauki guduma, wannan karon da bisimilla, ya sare kawunan ƙusoshin da ya sha wahalar bugawa, ya sa awartaki ya ɓamɓare fallen. Warin ya fito kamar abu mai nauyi. Malam kansa sai da ya rufe hanci da gefen rigarsa. Ta ramin da tsatsa ta ci, wani baƙin ruwa mai kauri ya fara ɗiga, tsutsotsi farare na motsi a ciki.

Kande ta tuɓe munduwarta ta ajiye. Ta durƙusa. Ta tuna cikin jirgin nan da rantsuwar da ta yi, ta waiwaya ta ga ƙasusuwan wuyan 'yarta, sai ta rufe ido ta tura hannun dama.

Ya nutse har gwiwar hannu, ya wuce. Bakin tsatsa na yankar fatarta, yatsunta na ratsa gashi da ruɓaɓɓen tsumma da wasu abubuwa masu laushi da ba ta so ta san sunansu. Hawaye na zuba, tana lalube. Can a lungu wani abu mai sanyi ya kama ɗan yatsanta, ya riƙe gam, daidai yadda jariri ke riƙewa. Ta tallafo shi a hankali ta fito da shi. Da ta buɗe ido ba ta ga komai a tafinta ba sai baƙin yauƙi, amma tana jin nauyinsa. Wata iska ta gifta, nauyin ya tashi.

"Ku tura karusar bakin teku ku bar mana, da tsatsarta," in ji muryar, yanzu can nesa. "Kada a sake mata faci."

"An bar muku," in ji Malam, bai ko dubi Zubairu ba. "Ki fita ta inda kika shiga."

Lantana ta yi atishawa, ta zube kan tabarma. Shiru ya rufe gidan, ba dutse, ba kuka. Can ta buɗe ido, nata na kanta, ta dubi uwarta a tsorace kamar mai jiran a sake turo mata ƙwarya da ƙafa.

"Inna, ƙishirwa nake ji."

Zubairu ya riga ya miƙo wa Kande buta da sabulu. Ba ta ko kalle shi ba. Ta rarrafa kan tabarmar, ta sa hannun nan yadda yake, baƙi har kafaɗa, ta jawo 'yarta ta manna ta a ƙirji.