Kilo Goman Malam Usur

Ranar da Auta ta fara ganin Toro, a kan sikeli ta gan shi, kuma sikelin ne ya riga shi magana.

Wani tsohon sikeli ne mai allura da ke ajiye a bakin ƙofar kemis ɗin da take aiki, kowa ya ga dama ya hau. Tana cikin jera kwalayen magani a kanta sai ta ji ƙarfe ya yi wani irin kuka, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta waiwaya. Wani ƙaton saurayi ne tsaye a kai, farar rigar aikinsa duk garin fulawa, yana ta leƙen allurar amma tumbi ya tare masa hanya.

"Don Allah 'yar'uwa, duba min," in ji shi. "Ni da ƙafafuna mun kwana biyu ba mu ga juna ba."

Ta danne dariya ta sunkuya. "Ɗari da ashirin da takwas."

"Alhamdu lillahi. Bara ɗari da ashirin ne. Ashe dai harka na ci gaba."

Filasta ya zo saya, murhun gidan burodin da ke tsallaken titi ya ƙone masa yatsa. Ta manna masa da hannunta. Washegari ya dawo da wani yatsan. Da ya zo da na huɗu, Auta ta juya yatsan gaba da baya, ko ja bai yi ba.

"Malam, wannan lafiyarsa ƙalau."

"Ai rigakafi na zo," ya ce, yana kallon ƙasa.

Daga nan aka karɓi lambar waya, magana ta miƙa. Kullum da safe kafin ta buɗe kemis saƙonsa ya iso.

"Maganina, kin tashi lafiya? Yau burodi ɗari uku na gasa, babu wanda ya kai kumatunki laushi."

"Torona, Allah ya shirye ka. Nawa ka ɗanɗana a ciki?"

"Biyar kacal. Sana'a ce ta gaji haka."

Auta tana son sa, so irin wanda ba ya buƙatar dalili. Tana son dariyarsa da ke girgiza benci, tana son yadda yake rage murya in zai yi wa tsohuwa magana. Ƙibarsa ba ta taɓa tsone mata ido ba. Sai dai ta san wanda za ta tsone wa, kuma a gidansu yake kwana.

Mahaifinta tsohon malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare. Shekara takwas da yin ritaya, amma har yau usur na rataye a wuyansa, shi ya sa kowa ke ce masa Malam Usur. Mutum ne siriri, mai tafiya kamar ana jiran sa a wani wuri. Tun da mahaifiyar Auta ta rasu, su biyu ne a gidan. Kuma Malam yana da nasa ɗan takarar, wani tsohon ɗalibinsa da ake kira Tsinke, mai koyar da ɗaga ƙarfe, wanda in ya zo zance kokwamba yake kawo wa Auta a leda. Jama'a, wa ya taɓa sace zuciyar budurwa da kokwamba?

Ranar da Toro ya je gaisuwa, ya durƙusa da ladabi, amma tashi ya gagara sai da ya dafa bango. Malam ya kalle shi tun daga sama har ƙasa, ya shiga ɗaki ya fito da nasa sikelin.

"Ba ni da ƙorafi a kan halinka, na yi bincike," in ji shi. "Amma wata uku na ba ka. Ka sauke kilo goma, in ba ka 'yata. In ka kasa, kowa ya kama gabansa."

Labari ya kai kunnen Goggon Toro, wadda ta raine shi tun yana goye. Ita ma Allah ya yi mata jiki, kujera mai hannu ba ta ɗaukar ta. Ta yafa mayafi ta zo har kemis.

"'Yar nan, uban naki rago zai saya da zai ce sai an auna? Jikin nan gado ne. Kakan yaron nan sai da aka faɗaɗa masa ƙofa, kuma ya shekara tamanin. Allah ya halicci dogo da gajere, ya halicci mai faɗi. Sirara ba sa mutuwa ne?"

"Suna mutuwa, Goggo."

"To ki gaya masa."

Auta ta gaya masa da yamma. Malam ya ce, "Ki ce mata gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Auta ta rasa bayan wa za ta bi, don in ta saurari Goggo sai ta ga gaskiyarta, in ta saurari Baba ma haka.

Toro kuwa ya ɗaura ɗamara da gaske. Ya bar lemon kwalba, ya rage ɗanɗane, yana zuwa aiki a ƙafa. Duk ranar Asabar sai ya zo kemis ya hau sikeli, ita ta duba masa. Asabar ta farko, ɗari da ashirin da takwas. Ta biyu ma allurar ko gezau.

Ya sauka ya zauna a benci. Ba ta taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ranar.

"Maganina, ko dai in haƙura ne? Kar in ɓata miki lokaci. Wannan jikin ba ya jin magana."

Satin nan gaba ɗaya ba ta da sukuni, tana ganin kanta a gidan Tsinke tana yanka kokwamba har tsufa. Da Asabar ta uku ta zagayo, ta sunkuya ta ga allurar tana nan inda take, sai ta ji bakinta ya ce, "Ɗari da ashirin da shida."

Toro ya kusa rungumar sikelin. Ita kuwa ta ce a ranta, ƙarfin gwiwa kawai na ba shi, sati mai zuwa jikin zai kamo maganar.

Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne, Toro mutum ne mai godiya. Kafin azahar saƙo ya shigo.

"Hasken idona, na yi wa kaina tukwici da ɗan kek guda. Wanda ya yi ƙoƙari ai a yaba masa."

Sati na gaba allura ta haura kilo ɗaya, Auta ta sauke biyu da baki. Tukwici ya zama kek biyu da madara. Lemon kwalba ya dawo, wai ashe ba shi ne mai laifin ba. Toro har ya fara ba abokan aikinsa shawara a kan rage ƙiba, yana ce musu sirrin shi ne kwanciyar hankali. Da wandonsa ya ƙi maɓalli, tela ya zarga. Duk Asabar Auta takan yi niyyar faɗin gaskiya, sai ta ɗaga kai ta ga yadda yake jiran amsarta da murmushi, sai ta kasa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata uku suka cika, aka ajiye sikelin Malam a barandar gida. Goggo ta zo shaida, Tsinke ma ya zo ba tare da an gayyace shi ba. Toro ya cire takalmi, ya cire agogo, ya hau yana murmushi. Tsinke ya yi wuf ya sunkuya.

"Ɗari da talatin da uku," ya faɗa, har da gyaran murya.

"Sikelinku dai mai hassada ne," in ji Goggo.

Toro ya yi dariya. "Malam, ina ganin ya lalace. Jiya na hau na kemis, ɗari da sha takwas cif."

"Da idonka ka gani?"

"A'a, duba min ake yi."

"Wa ke duba maka?"

Toro ya juya ya kalli Auta, ita kuwa tana kallon yatsun ƙafarta, hawaye na ɗiga a kansu. Ya sauka a hankali, ya sa takalminsa.

"Da kin ce min na kasa, da na ji zafi na kwana ɗaya," ya ce da ita, murya ƙasa-ƙasa. "Amma kin bar ni ina yawo ina ba mutane shawara. Ashe ke ma ba ki yarda zan iya ba."

Ya tafi, ya manta agogonsa a kan tabarma.

Kwana biyar babu saƙo. Auta ta tura nata har sau uku: "Torona, na yi kuskure. Tsoron rasa ka ne ya sa. Ka yafe min." Shiru. In ta hango farar rigarsa a tsallaken titi, sai ya shige ciki. Tsinke ya zo da kokwamba har leda biyu, ta ce a ce masa ba ta nan, alhali yana jin muryarta.

Ta zaci Baba zai yi faɗa, amma bai ce komai ba sai rana ta shida, bayan la'asar, suna zaune a baranda. Ya ciro usur daga wuyansa yana juya shi a hannu.

"Auta, kina tuna jikin mahaifiyarki?"

"Ina tunawa, Baba."

"Ta kusa yaron nan. Kuma ban taɓa ganin mace mai kyanta ba, har gobe. Da likita ya ce suga da hawan jini sun kama ta, sai ta rage, wannan sikelin na sayo. Ita ma ba ta iya ganin allurar. Ni nake duba mata." Ya sake juya usur ɗin. "Sai ta ce, Malam, na rage? In kalli fuskarta in ce kin rage. Shekara biyu ina faɗa mata haka. Ni da nake sa 'ya'yan mutane zagaye fili sau goma, na kasa gaya wa matata lamba uku. Wannan ƙaryar gadonta kika yi, shi ya sa ban yi miki faɗa ba."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta. Bayan nan ta ɗauki waya ta rubuta wa Toro duk abin da ta ji, ba ta rage ko kalma ba. A ƙarshe ta ce: "Ina son ka a ɗari da talatin da uku, ina son ka ko a ɗari biyu ne. Amma ina so mu tsufa tare. Daga yau abin da allura ta ce shi zan faɗa."

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ya buɗe ya ga Toro cikin sabon takalmin gudu da wata riga da ta ɗame shi.

"Agogona na zo ɗauka, Baba. Kuma jiya na je an auna jinina, ya hau. Ko ba ku ba ni ita ba, ina so ku koya min motsa jiki. Wannan don kaina ne."

Malam ya sa usur a baki ya busa.

Unguwa ta samu abin kallo. Kullum da safe ga siririn tsoho a gaba, ga Toro a baya yana haki yana kiran sunan Allah. A sati na biyu Goggo ta biyo su, wai ta zo ta tabbatar ba a kashe mata ɗa ba. Tun daga ranar ba ta fasa ba, tana tafe tana yi wa Malam bayanin cewa ƙiba ba laifi ba ce, shi kuma yana cewa bai taɓa ce laifi ce ba, a ɗaga ƙafa. Duk Asabar Auta tana faɗin gaskiya. Wani satin a sauka, wani satin a tsaya, sau ɗaya ma an hau, Toro ya yi fushi na minti goma ya huce.

Bayan wata huɗu aka sake fito da sikeli baranda. Wannan karon Malam ya ce shi zai duba da kansa. Ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Auta ta hango allurar daga inda take: ɗari da ashirin da biyu. Saura huɗu.

"Ɗari da sha takwas," in ji Malam. "Goma cif. Ka cika alkawari."

Goggo ta fara hamdala. Auta ta kalli mahaifinta. Toro kuwa ya ɗan ranƙwafa, ya leƙa ƙasa, ya daɗe a haka.

"Baba, ɗari da ashirin da biyu ne," ya ce. "Yanzu ina iya gani. Ga ma ƙafafuna can."

Malam ya miƙe, idonsa ya yi ja, ya dafa kafaɗarsa.

"Da ka karɓi goman nan, da ban ba ka ba. Na ba ka Auta. Sauran huɗun ku ƙarasa a gidanku."

An ɗaura aure bayan sati shida. Ango da kansa ya gasa kek mai hawa uku, ya ci yanka ɗaya, Goggo ta ci uku ta ce rabon kakansa ne. Tsinke ma ya zo, kuma an ga ya koma layin kek sau biyu. Malam ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a ta gari da tsawon rai, ya maimaita tsawon ran har sau uku, kowa ya ce amin.

Kyautarsa ga amarya tana cikin wani kwali da ya naɗe da hannunsa. Da suka buɗe a sabon gidansu, tsohon sikelin mahaifiyarta ne, an goge shi tas.

"Maganina, zo ki duba min," in ji Toro, yana cire takalmi.

"Duba da kanka, Torona," ta ce, tana dariya tana share ido. "Ni dai ina nan kusa da kai."