Tafin Aro

Tun da mai gidan wasan ya daina sayar da tikiti ya koma haska wasa ta intanet, aikina ya zama danna maɓalli. 'Yan wasa su yi ta haƙilo a gaban kujerun da ba kowa, ni kuma in saki tafin da aka naɗa tun zamanin da zauren ke cika maƙil. Ko wasan ya yi lami, dole a tafa. A ƙarshen tafin akwai wani busasshen tari na mace da na yi na yi, ya ƙi goguwa.

Rannan bayan an tashi, ina naɗe wayoyi ni kaɗai, sai na hango wata dattijuwa zaune a layi na uku. Na dubi allon kyamarar da ban kashe ba. Babu kowa a kujerar.

"Iya, ai an tashi," na ce.

"Kai ne kake sa mu tafawa kullum?" Bakinta ne ya motsa, amma muryar daga lasifikar da ke bayana ta fito.

Ta buɗe mini hannayenta. Duk sun kumbura, sun tsattsage.

"Ɗan nan, wasan da muka tafa wa ya cancanta. Wannan shirmen kuwa ko kallonsa ba mu yi ba. Ba za ka bar mu mu huta ba?"

Na fizge wayar lasifikar. Zauren ya yi tsit.

Sai ta kare baki da gefen mayafinta, ta yi tarin nan.