Hutun da Muka Sayar

Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun wata riga maigidana ya shigo da wani akwati. Shuɗi ne mai taya, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ajiye shi a tsakar ɗaki yana murmushi, na tambaye shi wa zai yi tafiya.

"Ni da ke, Tela. Teku za mu je ki gani."

Tela yake kirana tun muna zance, ni kuma ina ce masa Injiniya kamar yadda kowa ke ce masa, ko da yake bai yi boko mai nisa ba. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, kuma kansa yake yi wa aiki. A kira shi wani gari ya yi mako, ya dawo ya kwanta kwana uku yana ba ni labari. Wani watan mu ci mai kyau, wani watan mu lallaba. A irin wannan yawon ya taɓa gyara ɗakin sanyi na masu kifi a bakin teku, ya dawo yana cewa ruwan ba shi da ƙarshe, sai na gani da idona.

Yayansa, wanda muke kira Yaya Babba, bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Cewa yake gantali ne da jakar sifana. Da wani kamfanin ajiye kayan sanyi ya nemi ma'aikaci, Yaya ya kai maganar ɗakin Inna, mahaifiyarsu, aka zaunar da Injiniya: albashi duk wata, asibiti kyauta, fansho, ga hutun kwana ashirin da ɗaya kowace shekara. Inna ta ce ita dai tana so ta san inda ɗanta yake kwana. Injiniya ya dube ni, na sunkuyar da kai. Gaskiya ni ma maganar albashin ta shige ni.

A hanyar gida ya ce ai shi ke nan, zai karɓi aikin, hutun farko za mu tafi. Muka ɗora akwatin a saman sif.

Ashe kamfanin yana da wata takarda da ake raba wa ma'aikata duk ƙarshen shekara, mai gida biyu. In ka sa alama a na sama, ka tafi hutunka. In ka sa a na ƙasa, ka ci gaba da aiki a biya ka kuɗin kwanakin. Sayar da hutu suke ce masa.

Shekarar farko makarantar ɗan Yaya ce ta taso. Ta biyu aikin idon Inna, wannan kam ban ji ciwonsa ba. Ta uku rufin shagon Yaya. Daga nan sai ya zama Yaya ya fi ofishin sanin watan da takardar ke fitowa, sai ka gan shi da yamma ya zo gaisuwa, yana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Ba zan wanke kaina ba: shekara ta biyar ni ce na ce keken ƙafa ya ishe ni, ina son mai lantarki. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi saman sif, ya ce to.

Kullum cewa yake baɗi, ni kuma in ce Allah Ya kai mu. Nakan hau kujera in goge ƙurar akwatin in sauko.

A shekara ta tara ya fara dawowa da ciwon kai, ƙafafunsa na kumbura cikin takalmin aiki. Yini yake tsakanin ɗakin ƙanƙara da zafin injin. Likita ya ce jininsa ya hau, ya samu ya huta. Ran da takardar ta fito ya kawo ta gida, ya miƙo min biro, ya ce ni zan sa alamar da hannuna. Na sa a gidan sama.

Kwana biyu tsakani sai ga Yaya da Inna. Wannan karon babur yake so ya saya wa ɗansa ya riƙa haya. Da ya ji an riga an miƙa takarda sai ya yi dariya.

"Teku? Ruwa ne fa. In ruwa matarka ke son gani, a cika mata baho ta zauna ta kalla."

Inna ta ce tun da aka auro ni ta san idona a waje yake, yau ga shi na raba ɗanta da 'yan uwansa saboda yawon buɗe ido. Ina bakin ƙofa da tiren ruwa a hannu, hawaye na zuba. Injiniya bai saba musu da su ba, amma ranar ya yi magana a hankali.

"Yaya, shekara takwas ina sayarwa. Na bana ba na sayarwa ba ne."

Suka fita ba sallama. Ya sauko da akwatin da kansa ya cire ledar. Ranar Litinin hutun zai fara. Ranar Alhamis, saura kwana huɗu, ya faɗi a wurin aiki, sifana na hannunsa. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska.

Bayan wata guda kamfanin ya aiko da haƙƙoƙinsa, a ciki har da kuɗin kwana ashirin da ɗaya da bai ci ba. Hutun da ya ce ba zai sayar ba, sai da aka saya. Ina daga ɗaki na ji Yaya yana faɗa wa wani a tsakar gida cewa Allah Ya taimaka ba a riga an tafi ba, da kuɗin nan sun tafi a banza. Na danne bakina da filo don kada yara su ji ni.

Ban yi faɗa da kowa ba. Aka raba abin da za a raba, na koma kan kekena. Mai lantarkin na rufe shi da zani, ba na iya jin ƙararsa.

Wata shida bayan nan Inna ta zo ita kaɗai, ta rame. Ta ga akwatin a gefen gado, ta zauna tana shafa shi. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ajiye min kason da ta samu, ko taɓa shi ba ta yi ba.

"'Yar nan, ni na so in san inda yake kwana. To yanzu na sani. Ki yafe min, ki je ki gano masa ruwan."

Muka yi kuka tare. Na yafe mata. Yaya kam har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na bar yara wurin ƙanwata, na je tasha na sayi kujera biyu a babbar mota, ta taga da ta kusa da ita. Haƙurina ya kai ni inda aka yi min alkawari, amma ya kai ni ni kaɗai. Shi ya sa nake gaya wa duk mai aure: ku taimaki dangi, wannan wajibi ne, ku nemi na kanku, amma kwanakin da kuka ware wa juna kada ku sa musu farashi. Buƙatar dangi ba ta ƙarewa, mutum ne yake ƙarewa.

Mun yi nisa kaɗan motar ta tsaya ɗaukar wani fasinja. Kwandasta ya ga wuri a gefena, ya ce Hajiya a taimaka, zai mayar min da kuɗin kujerar har da ƙari.

Na ɗora hannu a kan kujerar na ce masa ya yi haƙuri, da mai ita, ba ta sayarwa ba ce.