Makullin Guduma

An ɗaura auren Odartey da Ayorkor ranar Asabar a Tema, a bakin tekun Ghana. Ango ba shi da aiki, kuma kujerar uban amarya babu kowa har aka kusa tashi.

Sun haɗu ne a ƙofar filin da ake gina sabon wurin tsayawar jiragen kwantena. Ayorkor na sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. Odartey shi ke tuƙa gudumar inji da ke kafa turakun ƙarfe a ƙasan teku. Ranar farko ya ce barkononta ba zafi. Ta zabga masa ƙari, ta tsaya a kansa har ya cinye yana hawaye. Tun ranar yake kiranta Barkono, ita kuma tana ce masa Kurma, don ƙarar aikin ta fara ci masa kunne.

Mahaifinta, Ataa Ashitey, tsohon masunci ne. Bakin ruwan da yake jan kwalekwalensa tun yana saurayi shi aka cike da duwatsu don wannan gini. Da dangin Odartey suka kai kwalaben abin sha na gaisuwar neman aure, ya mayar musu ko buɗewa bai yi ba.

"Wanda ya binne mini gaɓa ba zai ɗauki 'yata ba," in ji shi. "Ga Kwei nan, ɗan teku."

Kwei na da kwalekwale mai inji, kuma shi ne jagoran samarin da ke zagaye gari a watan shiru. A watan nan dattawa kan hana kiɗa da duk wata ƙara kafin bikin shekara. Wanda aka ji gangarsa, ko a coci ne, a ƙwace, sai ya fanshe ta da rago.

Watan ya kama, gari ya yi tsit, guduma ba ta tsaya ba. Kamfani ya ce lokaci ya ƙure masa. Ana jin dukan har tsakar gidan Ataa Ashitey, ruwan randa na rawa.

Ayorkor ta tura saƙo: "Kurma, kai ɗan garin nan ne ko baƙo? Baba ya daina yi mini magana. Ka kashe abin nan."

Ya amsa: "Barkonona, in na kashe, wani za su ɗora. Da me zan riƙe ki?"

"Ka riƙe gudumarka. Ita za ta dafa maka."

Ta daina kai dokunu ƙofar filin. Wani ya gaya wa Odartey an gan ta a kwalekwalen Kwei. Kifi ta je saye, amma bai tambaya ba. Ya same ta a kasuwa.

"Har an fara zagaya da ke a ruwa?"

"Kunnen ne ya mutu, ashe har da hankalin? Matsa mini, kana tare mini ciniki."

Washegari dattawa suka iso ƙofar filin don ƙwace gudumar kamar yadda ake ƙwace ganga, Ataa Ashitey a gaba da farin zane, Kwei da samarinsa a baya da sanduna. Masu gadi suka rufe ƙofa. Kwei ya yi ta zagi ta tsakanin ƙarafa, amma kowa ya san ba mai iya ɗaukar ganga mai tsawon bene.

Odartey ya hango su daga kujerar inji. Ya hango Ayorkor can gefe ta harɗe hannu. Ya kashe injin, ya zare makulli, ya sauko. Shugaban aiki na kiransa, bai juya ba.

Ya cire takalmansa, ya miƙa makullin da hannu biyu.

"Ataa, ga gangata. Na yi laifi."

Kwei ya kai hannu. Tsohon ya buge shi.

"Kai aka ba?" Ya juya ga Odartey. "Rago fari. Kuma kar ka ɗauka na yafe maka gaɓata."

A ranar aka dakatar da Odartey daga aiki. Da la'asar saƙo ya shigo: "Wawa. Yanzu ni zan ciyar da kai ke nan. Ka zo, na ajiye maka kan kifi."

Da watan shiru ya wuce, dangi suka sake kai kwalabe. Wannan karon ba a dawo da su ba.

Ranar auren Ataa Ashitey ya shigo ana addu'ar ƙarshe. Ya dafa kawunansu, ya ce, "Allah ya zaunar da ku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku." Bai tsaya cin abinci ba.

Kamfani ya yanko wani makulli, an ci gaba da kafa turaku. Odartey ya kai ragon, amma makullin farkon na rataye a ɗakin surukinsa. Har yanzu kamfanin bai ce ko zai mayar da shi aiki ba.