Giyabos ɗin Baba Haggai

Da safiyar Litinin Baba Haggai, tsohon soja mazaunin Rikoto, ya yaye tamfol a ɗakin ajiyarsa don ya nuna wa mai saye giyabos, wato akwatin giyar mota, da ya sa aka gyara masa. Na wata motar tsere ce da ɗansa ya bari, kuma an sabunta komai na cikinsa. Sai ga wani ruɓaɓɓen giyabos a madadin nasa, an shafe shi da fenti. Mai sayen, wanda ya taso tun daga Birnin Kebbi, ya kira dattijon ɗan damfara a gaban maƙwabta.

Sufeto Saloma ta zo ta duba. Ba a fasa ƙofa ba, amma ɗigon jan man giyabos ya bi ƙasa har bakin hanya.

"Baba, wa ya san inda makulli yake?"

"Japhet bakaniken da ya gyara shi, da Zakiyyu dillali. Jiya kuwa duk mutanen gidan nan muna coci."

Ta sami Japhet a garejinsa, ta ce ya nuna mata yadda ake ɗaukar irin wannan kaya. Ya ɗaga wani giyabos ya ajiye shi a zaune, ya tokare shi da katako.

"Me ya sa ba ka kwantar da shi ba?"

"Haba ranki ya daɗe, ai yana da kafar shan iska. Kina kwantar da shi mai zai tsiyaye."

Ta yi masa godiya ta wuce kasuwar Zuru. Zakiyyu na zaune a inuwa kusa da motarsa.

"Ni a hoto kawai na san giyabos ɗin, Sufeto."

"To, buɗe mini but ɗin motarka."

Ya buɗe yana murmushi. An wanke shimfiɗar ciki, amma jan tabo na nan a kusurwa.

"Manja ne na ɗauko wa maiɗakina."

Saloma ta dangwala yatsa ta shinshina, sannan ta miƙa masa.

"Lasa mana."

Zakiyyu ya ƙi lasa, ya sunkuyar da kai.

"Wanda ya ɗauki kayan nan bai san aikin ba, shi ya sa ya kwantar da shi mai ya zuba," in ji ta. "Japhet ba zai yi haka ba. Kuma giyabos ɗin ba ya shiga kowace mota a garin nan, sai wanda yake da wani mai saye a hannu ne zai sace shi. Ina yake?"

"Yana Kanya, gidan ƙanena," ya faɗa a hankali.

Kafin la'asar aka dawo da giyabos ɗin. Mai sayen ya durƙusa yana ba da haƙuri.

Baba Haggai ya ce, "Tashi, ɗana. Amma a gaban mutanen da ka zage ni za ka maimaita."

Aka kira maƙwabta, ya maimaita.