Famfon Kaka da Kalmar Sirri

A unguwar Briqueterie da ke Yaoundé, akwai wata yarinya mai son taɓa kayan lantarki. Tana zaune da kakarta da kawunta Garga, mai sana'ar kilishi.

Wata Laraba a makaranta, malamar anformatik, wato darasin kwamfuta, Madam Saliha, ta kawo wa 'yan ajinsu wasu ƙananan na'urori, ta ba kowa ɗaya. Kowace ba ta wuce kwalin ashana ba.

"Wannan ita ce modul," in ji Madam. "Tana da rezo nata, wato hanyar sadarwa ta wifi. Wayar hannu za ta iya ba ta umarni daga nesa. Sunan rezo shi ne abin da kowa ke gani a wayarsa. Kalmar sirri ita ce mabuɗi. Sai kuma kulle saƙo. Shi yana cakuɗa maganar da ke tafiya a iska, ko wani ya kama ta ba zai gane ba."

Madam ta ɗaga yatsa. "Daga kamfani, kalmar sirrinta ɗaya zuwa takwas ce. Kowa ya san haka. Lallai ku canza ta."

Yarinyar ta ji, amma hankalinta yana gida. Kaka na fama da ciwon gwiwa. Kullum sai ta sauka matakala har bakin rijiya, ta kunna famfon da ke tura ruwa zuwa tanki a kan soro.

Da yamma Kawu ya kira mai gyaran lantarki, ya haɗa modul da famfo. Yarinyar ta sa wa rezo suna "Famfon Kaka". Kaka ta taɓa waya, famfo ya tashi.

"Ikon Allah!" in ji Kaka. "Jikalle, kin hutar da ni."

Don murna, yarinyar ta ce a ranta, "Gobe zan canza kalmar." Gobe ta zo, ba ta canza ba.

Ranar Asabar da hantsi, Kawu ya shanya kilishi a kan soro. Suka kulle gida, suka tafi bikin suna a unguwar Nkomkana.

Da suka dawo bayan azahar, ruwa suka gani yana gangarowa ta bango. Famfo na ta kuka, ya yi zafi. Tanki ya cika ya tumbatsa. Rabin kilishin ya jiƙe sharkaf.

Kawu ya kashe famfo, ya zauna a matakala, ya riƙe kai. "Aikin kwana biyu ne wannan," ya ce.

"A cire mini abin nan," in ji Kaka. "Gara na sha ciwon gwiwa."

Idon yarinyar ya ciko da hawaye. "Kawu, ku yi haƙuri. Laifina ne. Madam ta ce mu canza kalmar sirri, ban canza ba."

Suna cikin haka, Umair, ɗan maƙwabta, ya yi sallama. Ya tsaya a gaban Kawu.

"Kawu, ni ne. Na ga sunan rezon a wayar Mama. Na gwada ɗaya zuwa takwas, sai ya buɗe. Na danna wani maɓalli. Wallahi ban san famfo zai tashi ba."

Kawu ya dube su. "Kai ka shiga abin da ba naka ba. Ke kuma kin bar ƙofa a buɗe. Amma kun faɗi gaskiya. Ku ɗauko tsintsiya."

Har la'asar suna share ruwa.

Ranar Litinin, bayan an cire modul, yarinyar ta kai ta makaranta, ta gaya wa Madam komai. Tare suka zauna. Yarinyar ta zaɓi doguwar kalma mai haruffa da lambobi. Ta duba kulle saƙo, ta tabbatar yana aiki. Ta canza sunan rezo zuwa wanda bai nuna gidan kowa ba. Madam ta koya mata yadda famfo zai tsaya da kansa bayan minti ashirin.

A gida yarinyar ta roƙi Kaka su sake gwadawa. Ta kira Umair, ta ce ya gwada shiga. Ya gwada sau biyar, rezo ya ƙi buɗewa.

Kawu ya yi dariya. "To, Inna, mu bar mata abinta."

Kaka ta gyaɗa kai. Umair ya tambayi yarinyar ko za ta koya masa, ta ce ya zo ranar Lahadi.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara jinkirta aikin tsaro zuwa gobe ba. Ta gane cewa wanda ya haɗa na'ura, shi ke da alhakin kulle ta. Umair kuma ya daina shiga rezon mutane ba da izini ba.